Mun Je Hamburg Ɗauko Kawu, Mun Dawo Mu Biyu

 Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. A watan Oktoba na 2025 dangi suka tashe mu, mu biyu, daga Kumasi zuwa birnin Hamburg na ƙasar Jamus da saƙo guda ɗaya, wato mu je mu ɗauko kawunmu mu dawo da shi gida. Mun yi kwana 19 a can, mun kuma dawo mu biyu kamar yadda muka tafi. Tun da muka sauka ake tare mu a ƙofar masallaci da wajen suna ana tambaya, "Ina Alhaji?" Shi ya sa muka ga gara mu yi bayani a wannan shafi kowa ya karanta, domin abin da muka gano ya shafi duk gidan da ke da tsoho ko naƙasasshe.

Kawun nan namu ƙanen mahaifiyarmu ne. Ya bar Kumasi a 1983, shekarar da manya ba sa so a tuna musu: ga fari, ga gobarar daji ta lashe gonakin koko, ga kuma 'yan ƙasa wajen miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya sun dawo babu aikin yi. Ya yi ta fama har Allah ya kai shi Hamburg, ya sami aiki a wani sito na tashar jiragen ruwa, ya kai iyalinsa, ya haifi 'ya'ya uku. Kuɗinsa ne ya rufe gidanmu na Aboabo da kwano, shi ne kuma ya kai mahaifiyarmu Makka. A 2022 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, shekara guda bayan rasuwar matarsa.

Abin da ya tayar wa dangi hankali shi ne labarin da wani matafiyi ya kawo, wai 'yar Kawu ta fari albashi take karɓa a hannun gwamnatin Jamus kafin ta yi jinyar ubanta. Kafin la'asar magana ta zagaye unguwa. Tsofaffin mata suka yi ta salati, suna cewa Turai ta cinye yarinya. Aka kira taron dangi, aka yanke shawara cewa mutumin da ya yi mana wannan hidima ba zai ƙare rayuwarsa a hannun wadda sai an biya ta ba. Aka haɗa mana kuɗin jirgi, aka share masa ɗaki. A duk tsawon taron nan babu wanda ya ce a buga waya a tambayi Kawu. Mu ma ba mu ce ba.

GARIN 'YAN BOGA

Daga Ankara babu jirgin da ke zuwa Hamburg kai tsaye, sai da muka ya da zango a Amsterdam. Muna fitowa daga filin jirgi iska ta mare mu, muka gane cewa hunturun Tamale wasan yara ne. Jirgin ƙasa ya kai mu babbar tashar gari cikin kamar minti 25.

Hamburg ita ce ta biyu a girma a Jamus bayan Berlin, da mutane kusan miliyan 1.9. Gari ne na ruwa. Kogin Elbe ya ratsa ta, tafkin Alster na tsakiyarta, duk inda ka juya gada ce. Teku na da nisan kilomita wajen 100, amma manyan jirage na biyo kogin har cikin gari. A bakin ruwa akwai wasu tsofaffin sito na jan bulo da aka fara ginawa a 1883, inda a da ake ajiye kofi da shayi da koko da kayan yaji. Har yau kokon ƙasarmu na sauka a tashar Hamburg, kuma babu wani gari a Jamus da ya kai ta yawan 'yan Gana. Daga sunanta ne aka samo kalmar "boga" da muke kiran duk wanda ya dawo daga Turai. Alaƙarta da Hausawa ma ta daɗe, don a nan aka haifi Heinrich Barth a 1821, Baturen da aka sani da Abdulkarim a Kano da Sakkwato, wanda ya koma Turai a 1855 tare da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, har ya kai shi wannan gari.

Bayan babbar tasha akwai wani titi mai suna Steindamm. Nan za ka ga shagunan Turkawa da Larabawa da mutanen Afganistan, da mahauta masu naman halal, da masallatai a cikin benaye. A wani shagon 'yan Afirka mun ga doya da manja da garin rogo, mun kuma ji wani yana ciniki da Hausar zango tsantsa. Daga nan muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Billstedt a gabashin gari, unguwar ma'aikata da baƙi mai dogayen benayen haya. Can Kawu yake, a hawa na huɗu.

LITTAFIN KAWU

Mun same shi zaune a kujera kusa da taga, hannun hagu na kwance a cinya. Ya rame, maganarsa ta yi nauyi, amma hankalinsa garau. Muka durƙusa muka ce, "Kawu, barka da yamma. Ya jiki?" Ya ce, "Jiki alhamdu lillahi. Ku ne 'yan sandan da aka aiko a kama ni?" Ashe labari ya riga mu isowa. Kunya ta rufe mu, shi kuwa ya yi ta dariya har da tari.

Ɗakin tsaf yake. Gadonsa irin mai ɗagawa ne da maɓalli. A makewayi an cire kwamin wanka an daidaita ƙasa yadda keke zai shiga, an kuma kafa ƙarafa a bango na kamawa. Bayan mun ci tuwo da miyar ayoyo, ya kira 'yar tasa, wadda ya sa wa sunan mahaifiyarsa, ya ce, "Uwata, kawo mini littafin nan." Ta kawo wani littafin rubutu mai bango shuɗi. Kowane shafi wata guda ne, da rubutun hannunsa na dama: abin da ya shigo, abin da ya fita, da wanda aka ba.

Ya ce mana, "Ku duba da kyau, ku je ku faɗa musu. Gwamnati ba ta san yarinyar nan da ko kwabo ba. Kuɗin asusuna yake shiga farkon kowane wata. Ni ke ba ta, ni ke ba yaron da ke tura ni masallaci ran Juma'a, kuma in na ga dama gobe in canza." Ƙanwar tamu ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, wata uku ina ƙin karɓa. Sai da ya ce in ban karɓa ba zai koma gidan tsofaffi."

INDA KUƊIN YA FITO

Kuɗin nan ba sadaka ba ce. A 1995 Jamus ta kafa inshorar jinya ta dole, a zamanin ministan ƙwadago Norbert Blüm, domin mutanen da tsufa ko ciwo ko naƙasa ya hana su yi wa kansu hidimar yau da kullum. Ana cire wani kaso daga albashi, ma'aikaci da mai aiki su raba. An fara da kashi 1 cikin 100, a 2025 ya kai kashi 3.6, wanda ba shi da 'ya'ya kuma yana ƙara kashi 0.6 a kai. Don rage wa masu kamfanoni nauyi, har wata ranar hutu ta addini aka soke a duk faɗin ƙasar ban da jiha ɗaya. Kawu ya biya tun daga watan farko, yana cikin biya har a fanshonsa.

In lalura ta sami mutum, sai ya nema, a turo mai bincike har gida ya duba yadda yake tafiya, yadda hankalinsa yake, ko yana iya wanka da sa tufafi da cin abinci, da yadda yake fama da magunguna. Ana ba da maki, a sa mutum a ɗaya daga cikin matakai 5. Wannan tsari na matakai 5 ya fara a 2017, a da 3 ne. Daga mataki na 2 zuwa sama, mutumin da ke zaune a gidansa yana da zaɓi. Ko a ba shi kuɗi a hannu, wanda Jamusawa ke kira Pflegegeld, wato kuɗin jinya, ya shirya wanda zai kula da shi. Ko kuma ya ɗauki kamfanin jinya, inshora ta biya kamfanin kai tsaye. A 2025 kuɗin hannu a wata ya kasance Yuro 347 a mataki na 2, Yuro 599 a na 3, Yuro 800 a na 4, da Yuro 990 a na 5. Abin da ake biyan kamfani ya fi haka yawa, misali a mataki na 3 har zuwa Yuro 1,497. Wanda ya zaɓi kuɗi zalla, dole ne wani ƙwararre ya riƙa zuwa gidan lokaci lokaci ya ga ko ana kula da shi yadda ya kamata, in an ƙi kuwa ana iya rage kuɗin ko a tsayar.

Akwai hanya ta uku, ita Kawu ya bi, wato haɗa biyun. Yana mataki na 3. Ya yi amfani da rabin kason kamfani, saboda haka ana ba shi rabin kuɗin hannu, kusan Yuro 300. Dalilinsa kowane ɗan zango zai gane shi: ya ce muddin yana da rai 'yarsa ba za ta yi masa wanka ba. Dokar inshorar ta ce a yi la'akari da bukatar addini, da kuma burin wanda ke son jinsinsa ya kula da shi, gwargwadon hali. Kamfani na farko da ya ɗauka yau namiji gobe mace, ya sallame su. Na biyu suka yarda da sharaɗinsa. Mun ga mutumin da ke zuwa da safe, wani Baturke mai fara'a, wanda ya san yadda ake taimaka wa mutum ya yi alwala.

Yawancin Jamusawa ma gida suke zaɓa. Ƙididdigar hukuma ta ƙarshen 2023 ta nuna mutum miliyan 5.7 ne ke bukatar jinya a ƙasar, kashi 86 cikin 100 a gida ake kula da su, kuma miliyan 3.1 kuɗin hannu kawai suke karɓa, wato galibi dangi ne ke ɗawainiya da su. Mun daɗe muna cewa Bature gidan tsofaffi yake jefa iyayensa. Wannan lissafi ya sa mun rage faɗin haka.

RANAR DA "LAFIYA LAU" TA JAWO ASARA

Ƙanwarmu ta ba mu labarin zuwan mai bincike na farko, muka yi dariya, daga baya kuma jikinmu ya yi sanyi. Ranar Kawu ya sa aka yi masa wanka tun da asuba, ya sa babbar riga da hula. Da matar ta shigo ya daure ya miƙe tsaye ya tarbe ta. Ta tambaye shi ko yana iya wanka da kansa, ya ce yana ƙoƙari. Ta tambaye shi dare fa, ya ce lafiya lau. Alhali a lokacin sau uku ake tashi da shi kowane dare. Matar ta rubuta abin da ta ji, takarda ta zo da mataki na 2.

Doka ta ba da wata guda a ɗaukaka ƙara. Ƙanwarmu ta ɗauki mako biyu tana rubuta duk abin da ake yi masa, da lokaci da yawan sa'o'i, ta kuma zauna da shi ta ce, "Baba, godiya ga Allah daban, amsa tambayar likita daban." A zuwa na biyu ya faɗi gaskiya, aka mayar da shi mataki na 3. Muna roƙon masu iyaye a Turai su riƙe wannan. Kunya da haƙurin da aka tarbiyyantar da mu a kai ado ne a zaure, amma a gaban mai cika fom suna iya hana tsoho haƙƙinsa. Kuma duk takardun da Jamusanci suke zuwa. Kawu ya ce ya san tsofaffin 'yan Afirka da suka biya inshorar shekara da shekaru, ba su taɓa nema ba don babu mai karanta musu.

MAƘWABCI MAI KEKE

A hawa na ƙasa akwai wani saurayi Bajamushe da haɗarin babur ya kashe wa jiki daga ƙirji zuwa ƙasa. Abokin hirar Kawu ne. Shi tsarinsa ya fi na Kawu nisa. Tun 2008 doka ta ba naƙasassu a Jamus haƙƙin neman a ba su kuɗin hidimarsu a hannu maimakon a zaɓa musu ma'aikata ko gidan zama. Da wannan kuɗi ya ɗauki mataimaka huɗu. Shi ya yi musu tambayoyi kafin ya ɗauke su, shi ke rubuta wa kowa ranakun aikinsa, shi ke biyan albashi, shi kuma ke ba hukuma lissafi. Yana aiki da kwamfuta daga ɗakinsa.

Muka tambaye shi, ƙanwarmu na fassara, ko bai fi sauƙi ya bar wa hukuma wannan wahala ba. Ya ce ya yi shekara biyu a gidan kula da naƙasassu, inda ake kwantar da shi da ƙarfe 7 na yamma don lokacin ne ma'aikata ke canji. Ya ce, "Hannu da ƙafa nake haya. Kai kuwa ina da nawa." Naƙasassu da kansu ne suka yi gwagwarmayar wannan tunani. A garin Berkeley na Amurka, Ed Roberts, wanda shan inna ta kama tun yana yaro, yana cikin jagororin cibiyar zaman kai ta naƙasassu da aka buɗe a 1972, daga can kuma abin ya bazu zuwa Turai.

ABIN DA KUƊI BAI BIYA BA

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna muka je. Wani dare bayan Kawu ya yi barci, muka zauna da ƙanwarmu a kicin. Kafin ciwon tana aiki cikakke a wani babban kanti. Yanzu ta rage zuwa sa'a 25 a mako, albashinta ya ragu sosai. Mijinta direba ne, suna da yara biyu. Tana fitowa daga aiki ta yi nan, ta dafa, ta wanke, ta ba da magani, dare uku a mako a nan take kwana. Ƙannenta maza biyu, ɗaya yana Ingila, ɗaya a wani gari mai nisa, sai waya.

Muka yi lissafi tare. Mafi ƙarancin lada a Jamus a 2025 Yuro 12.82 ne a sa'a guda. Ko da Yuro 599 ɗin gaba ɗaya aka ba ta, bai kai ladan sa'a 47 ba, ita kuwa tana yin fiye da haka cikin mako biyu. To wannan ne albashin da aka yi taro a kansa a Aboabo. Abin da ya fi kuɗin amfani a wurinta wasu abubuwa ne. Wanda ke jinyar ɗan uwansa aƙalla sa'a 10 a mako, kuma aikinsa na waje bai wuce sa'a 30 ba, inshora na zuba masa kuɗi a asusun fansho, domin kada jinyar iyaye ta zama sanadin talaucinsa in ya tsufa. Akwai horo kyauta kan yadda ake ɗaga majinyaci ba tare da baya ya lalace ba. Akwai kuma wani kaso, Yuro 3,539 a shekara tun daga Yulin 2025, na biyan wanda zai riƙe majinyaci in mai jinya ta yi ciwo ko tana bukatar hutu.

Inshorar ba ta ɗaukar nauyi duka, an tsara ta ne ta biya wani sashe. Wanda ya shiga gidan tsofaffi a tsakiyar 2025, abin da ke fita daga aljihunsa a shekarar farko ya haura Yuro 3,000 a wata a matsakaici, wanda ya fi fanshon yawancin ma'aikata. Sai wanda ya biya aƙalla shekara 2 cikin shekaru 10 da suka wuce ke da haƙƙi, saboda haka 'yan uwanmu marasa takarda ba sa ciki. Ma'aikatan jinya ma sun yi ƙaranci a ƙasar. Da muka tashi, ƙanwarmu ta ce, "Yaya, gajiya ba ta sa ni kuka ba. Abin da aka ce an faɗa a gida shi ya sa ni." Ba mu sami abin cewa ba sai ban haƙuri.

AMSAR KAWU

Saura kwana huɗu mu taso muka isar da saƙon dangi kamar yadda aka ba mu. Kawu ya saurara har muka gama, sannan ya ce gobe mu raka shi wani wuri. Da safe muka tura kekensa zuwa bas. Bas ɗin garin na risinawa gefe ɗaya, direba ya shimfiɗa wani faranti keke ya hau. Muka sauka a maƙabartar Öjendorf, nan cikin yankin Billstedt, wuri mai faɗi da itatuwa, inda aka keɓe wa Musulmi sashe da kaburbura na fuskantar alƙibla. Can matarsa take. Muka yi addu'a, ganyaye jajaye na zubowa a kanmu.

A kan benci ya ba mu amsa. Ya ce yana kewar Kumasi kullum, yana kewar kiran salla daga masallatai goma a lokaci guda, da kunu da ƙosai na ƙofar gida. Amma ya bincika. In ya tattara ya koma Gana, fanshonsa zai bi shi, inshorar lafiya da ta jinya kuwa ba za su bi shi ba. Kuɗin jinya ana ci gaba da biya in mutum ya je ziyara wajen ƙasashen Tarayyar Turai, amma na ɗan lokaci, wanda a lokacin zuwanmu mako 6 ne a shekara. Sannan ya tambaye mu, "A ɗakin da kuka share mini, wa zai tashi da ni sau uku da dare?" Muka ce ai gida cike yake da mutane. Ya ce, "Ku faɗi suna." Muka yi shiru, domin mu da shi duk mun san amsar: wata jika ce 'yar shekara 14 za a cire daga makaranta, ko matar ƙaramin ɗa wadda ba ta da bakin cewa a'a.

Ya ce, "Ku gaya wa yayata na gode, Allah ya bar zumunci. In sanyi ya tsananta zan zo in yi mako 6, Uwata ma ta huta. Amma ni zan faɗi ranar zuwa da ranar komawa. Ƙafata ce ta mutu, ba ni ba."

ABIN DA MUKA KAWO TSARABA

A jirgi muna dawowa muka yi ta tunanin gidajenmu. Ƙasarmu ba ta da inshorar jinya irin ta Jamus. Abin da ke akwai shi ne shirin LEAP da aka fara a 2008, mai ba da ɗan tallafin kuɗi duk wata biyu ga gidaje masu tsananin talauci da ke da tsoho ɗan shekara 65 zuwa sama ko mai naƙasa mai tsanani. Inshorar lafiya ta ƙasa ta yafe wa 'yan shekara 70 zuwa sama kuɗin shekara. Akwai dokar naƙasassu ta 2006, da kason da ake ware musu a asusun majalisun gundumomi. Tsofaffinmu da yawa a zango ba a yi musu rajistar ko ɗaya ba, kuma wannan aiki ne da matasa masu ilimi za su iya yi cikin mako guda.

Amma babban abin da muka gani a Billstedt ba ya bukatar gwamnati. Mu ma muna da kuɗin jinya, shi ne wanda 'ya'ya ke aikowa daga Hamburg da Bronx da Jidda. Sai dai yakan faɗa wayar babban ɗa, tsohuwar da aka aiko dominta ba ta san nawa ba ne, sai ta roƙa kafin a saya mata goro. Mai wanke ta da dare kuwa ko sannu ba kullum take samu ba, in ta nemi na sabulu a ce ta cika son abin duniya. Muna yi wa tsofaffinmu hidima, Allah ya sani, amma sau da yawa muna karɓe musu magana tare da hidimar, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka ga shawararmu ga kowane gida. Muddin tsoho ko naƙasasshe na cikin hankalinsa, kada a yi taro a kansa ba ya wurin, a tambaye shi inda yake so ya zauna da wanda yake so ya taɓa jikinsa. Kuɗin da aka aiko dominsa ya san adadinsa, a buɗe littafi kamar na Kawu, ko da wani ne zai rubuta masa. Mai jinya a san sunanta, a yanka mata wani abu duk wata a fili ba tare da gori ba, a ba ta ranar hutu wani ya karɓe ta, kuma kada a cire yarinya daga makaranta saboda jinya alhali akwai manya a gidan. Ladan Allah na nan ga mai yi wa iyaye hidima, kuma ba ya raguwa don 'yan uwanta sun taimaka mata da abin sayen sabulu.

Mun isar da saƙon Kawu ga mahaifiyarmu. Ta yi kuka, sannan ta sa aka kira mata 'yar ɗan uwan nata a waya, ta roƙi gafararta, ta sa mata albarka. Ɗakin da aka share yana nan, mun sa magini ya gyara matakalar ƙofar yadda keke zai shiga, ya kuma kafa ƙarfe a makewayi, muna jiran ranar da Kawu zai faɗa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Amin.